Me ya sa sai tattalin arzikin ƙasashe ya kusanci juna kafin su haɗa kuɗi ɗaya?

Wani Alhaji da ke sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda yawancin masu sarin kayansa daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa, ya aiko da tambaya. Ya ce shekara da shekaru yana jin za a fitar da kuɗin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS mai suna Eco, amma kullum sai a ɗage, a ce ƙasashen ba su cika sharuɗɗa ba. Yana son sanin waɗanne sharuɗɗa ne waɗannan, me ya sa ba za a buga kuɗin kawai kowa ya huta da wahalar canji ba, kuma idan ranar ta zo, a kan wane farashi za a canza naira.

Alhaji, damuwarka tana da tushe, domin duk wanda ya taɓa karɓar sefa da safe ya je kasuwar 'yan canji ta Wapa da yamma ya tarar farashi ya motsa, ya san cewa bambancin kuɗi haraji ne da ba a rubuta ba a kan cinikin maƙwabta. Sai dai buga takardar kuɗi shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Abin da ke da nauyi shi ne abin da ƙasa take sallamawa ranar da ta shiga. Ƙasar da ke da kuɗinta tana da iko biyu da take amfani da su idan tattalin arzikinta ya shiga matsi: babban bankinta yana iya ɗaga kuɗin ruwa ko ya sauke shi daidai da halin da take ciki, kuma darajar kuɗinta tana iya sauka ko hawa a kasuwar canji, ta yadda kayanta za su yi araha ko tsada a idon masu saye na waje. Da zarar ta shiga haɗakar kuɗi, duka biyun sun bar hannunta, sun koma hannun babban banki guda ɗaya da zai yanke hukunci guda ɗaya ga kowa. Idan ƙasashen suna tafiya da sauri iri ɗaya, hukuncin zai dace da su duka. Idan kuwa ɗaya farashin kaya yana tashi da kashi 3 cikin ɗari a shekara, ɗaya kuma da kashi 25, to babu kuɗin ruwan da zai yi wa dukkansu daidai. Lamarin kamar shanun huɗa ne da aka ɗaura wa garma ɗaya, idan ɗaya yana sauri ɗaya yana jan ƙafa, kunyar ba za ta miƙe ba, kuma dukkansu za su ji jiki. Wannan tunanin ba sabo ba ne, masanin tattalin arziki Robert Mundell ya shimfiɗa shi tun 1961, inda ya nuna cewa yankin da ya cancanci kuɗi ɗaya shi ne wanda matsaloli ke faɗa masa tare, ko kuma wanda ma'aikata da jari ke iya tashi daga inda aiki ya ƙare su koma inda yake ba tare da shinge ba.

Turai ce ta mayar da wannan tunani sharuɗɗa a rubuce, a yarjejeniyar Maastricht ta 1992. An ce hauhawar farashin ƙasar da ke son shiga kada ta wuce matsakaicin ƙasashe uku mafi ƙarancin hauhawa da fiye da maki 1.5, kuɗin ruwanta na dogon zango kada ya wuce nasu da fiye da maki 2, gibin kasafin kuɗinta kada ya haura kashi 3 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, bashin gwamnati kuma kada ya wuce kashi 60 sai dai idan yana sauka yadda ya kamata. Sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi shafar tambayarka, shi ne kuɗin ƙasar ya yi aƙalla shekara biyu a cikin tsarin canji na haɗin gwiwa ba tare da an karya darajarsa ba. A tsarin da ake bi yanzu, ana tsayar da farashi na tsakiya tsakanin kuɗin ƙasar da yuro, a ba shi damar motsi har kashi 15 sama ko ƙasa, a zuba ido a ga ko zai zauna kusa da tsakiyar ba tare da babban banki ya ƙarar da ajiyarsa wajen tallafa masa ba. Waɗannan shekaru biyu gwaji ne na ko farashin da aka zaɓa gaskiya ne ko buri.

A nan nake son mu daɗe, domin farashin shiga shi ne hukuncin da ba a komawa a gyara. Ranar 1 ga Janairun 1999, lokacin da ƙasashe 11 suka kafa yuro, an kulle mak ɗin Jamus a kan 1.95583, faran ɗin Faransa a kan 6.55957, lirar Italiya a kan 1,936.27, duka ga yuro ɗaya, kuma da waɗannan lambobi aka juya kowane albashi, kowane bashi, kowace ajiyar banki da kowace kwangila. Idan ƙasa ta shiga da kuɗinta a kan darajar da ta fi ƙarfinsa, mutanenta za su yi murna a watannin farko, domin albashinsu ya yi nauyi kuma kayan waje sun yi araha, amma masana'antunta za su wayi gari kayansu sun fi na maƙwabta tsada, kuma babu sauran ƙofar karya darajar kuɗi da za ta dawo da su kasuwa. Abin da ya rage shi ne albashi ya sauka ko ma'aikata su rasa aiki har farashi ya daidaita, kuma wannan hanya ce mai tsawo da ɗaci. Babu misalin da ya kai na Jamus ta Gabas bayyana wannan. A ranar 1 ga Yulin 1990 aka haɗa kuɗinta da na Jamus ta Yamma, aka juya albashi a kan ɗaya da ɗaya saboda dalilan siyasa, alhali masana'antun gabas ba su kai na yamma ƙarfin samarwa ko kusa ba. Kafin shekarar ta ƙare abin da masana'antun gabas ke fitarwa ya ragu da kusan rabi, kuma sai da yamma ta yi shekaru masu yawa tana tura maƙudan kuɗi domin riƙe yankin. Birtaniya ma ta ɗanɗana irin wannan tun a matakin gwaji: ta shiga tsarin canjin Turai a Oktoban 1990 a kan mak 2.95 ga fam ɗaya, farashin da tattalin arzikinta bai iya ɗauka ba, har kasuwa ta tilasta mata ficewa ranar 16 ga Satumban 1992 bayan ta kashe ajiya mai yawa wajen kare fam. Sa'ar da ta yi ita ce tana da ƙofar fita, domin fam yana nan ba a soke shi ba.

Shiga da daraja ƙasa da ta gaskiya shi ma yana da nasa illar, ko da yake ta fi sauƙi. Kayan ƙasar za su yi araha a waje, ciniki ya buɗe, amma kayan da take shigowa da su za su yi tsada, ajiyar mutane ta rage nauyi, kuma hauhawar farashi ta biyo baya. Saboda haka ne Sulobakiya, wadda tattalin arzikinta ke girma da sauri a lokacin, ta ɗaga farashinta na tsakiya har sau biyu, a 2007 da 2008, kafin ta shiga yuro a 2009 a kan koruna 30.126 ga yuro ɗaya. An yarda da ɗagawa a lokacin gwaji, karyawa ce ba a yarda da ita ba.

Ka kawo wannan gida ka gani. A ce an kulle naira a kan farashin gwamnati na farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a banki alhali a Wapa ta haura 700. Duk mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, da duk mai jima a Challawa da ke fitar da fata waje, da ya tarar kayansa sun yi tsada a Yamai da Kwatano da Abijan fiye da na kowa, kuma har abada. A ce kuma an kulle ta a farkon 2024, lokacin da dala ta kai naira 1,500 bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023, kuma jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, da an dawwamar da yanayin da kuka gani da idonku, inda mai sefa ke shigowa Dawanau ya ga hatsi ya yi masa araha, mai naira kuwa yana ganin buhu ya fi ƙarfinsa. Tsakanin waɗannan lambobi biyu kusan shekara ɗaya ce kawai. Kuɗin da farashinsa ya ninka har sau uku a banki cikin wannan ɗan lokaci bai nuna wa kowa darajarsa ta gaskiya ba tukuna, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa babu mai gaskiyar da zai iya faɗa maka yau farashin da za a canza naira da Eco. Farashin ba a tebur ake ƙirƙirarsa ba, daga shekarun zaman lafiyar kasuwar canji ake ɗauko shi.

Sharuɗɗan ECOWAS sun yi kama da na Turai, amma an sassauta su daidai da halin yankin. Manyan su huɗu ne: gibin kasafi kada ya wuce kashi 3, hauhawar farashi kada ta wuce kashi 5, bashin da gwamnati ke karɓa daga babban banki kada ya wuce kashi 10 na harajin da ta tara a shekarar da ta gabata, sannan ajiyar kuɗaɗen waje ta ishi sayen kayan shigowa na aƙalla wata uku. Akwai ƙarin biyu, bashin gwamnati kada ya wuce kashi 70, canji kuma kada ya motsa fiye da kashi 10 sama ko ƙasa. Tun shekarar 2000 da Najeriya da Gana da Gambiya da Gini da Saliyo suka amince su kafa yankin kuɗi na biyu a Afirka ta Yamma, bayan na ƙasashe masu sefa, wanda Laberiya ta shiga daga baya, an sa rana a 2003, aka mayar 2005, sai 2009, sai 2015, sai 2020, kuma a taron shugabanni na Akara a Yunin 2021 aka tsayar da 2027. Dalilin ɗagewar a bayyane yake idan ka duba manyan ƙasashen biyu. Hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 a Disamban 2022, watan da ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. A Najeriya ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sake ma'auninta. Bashin da gwamnatin tarayya ta ɗiba kai-tsaye daga babban banki ya kai naira tiriliyan 22.7 lokacin da majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango a 2023, kuma wannan sharaɗin na hana gwamnati ɗiban kuɗi daga babban banki shi ne, a ganina, uwar sauran, domin daga nan hauhawar farashi take tasowa, daga hauhawar farashi kuma faɗuwar kuɗi a kasuwar canji.

Duk da haka ba na son ka ɗauka cewa cika lambobi a takarda shi ne kusantar juna. Tarihin yuro ya nuna akasin haka ta fuska biyu. Ta fuskar farko, an sassauta wa wasu: Italiya da Beljiyam sun shiga da bashin da ya haura kashi 100, Jamus da Faransa da kansu sun karya dokar gibin kashi 3 a 2003 ba a hukunta su ba, alhali an hana Lituweniya shiga a 2006 saboda hauhawar farashinta ta wuce iyaka da ɗan ƙanƙanin abu, sai a 2015 ta samu shiga. Girka, wadda ta shiga a 2001, ta bayyana a 2009 cewa gibinta ya ninka abin da aka sanar, daga ƙarshe aka tabbatar ya haura kashi 15, aka ba ta rancen ceto na yuro biliyan 110 a Mayun 2010, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aiki kuma ya kai wajen kashi 27 a 2013. Ta fuska ta biyu, wadda ta fi ba da darasi, Sifaniya da Ayilan sun cika sharuɗɗan kasafi sarai kafin 2008, har rarar kuɗi suke yi, amma kuɗin ruwan da babban bankin Turai ya tsayar ya yi musu ƙasa da yawa, bashi mai araha ya kwarara cikin gine-gine, albashi da farashi suka tashi fiye da na Jamus shekara bayan shekara, har kayansu suka rasa kasuwa ba tare da farashin canji ya motsa ko kaɗan ba. Wato ko an kulle farashin canji a takarda, darajar kuɗi ta zahiri tana ci gaba da motsi ta hanyar bambancin hauhawar farashi. Ƙasar da farashinta ke tashi da maki 3 fiye da na maƙwabtanta kowace shekara, bayan shekara goma kayanta sun fi nasu tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani ɓangare na wannan ma ba laifin kowa ba ne, domin tun 1964 Bela Balassa da Paul Samuelson suka nuna cewa ƙasar da ke tasowa da sauri farashin hidimominta na cikin gida yakan tashi tare da albashi, don haka ƙasa matalauciya da ke kamo masu arziki takan sha wahalar riƙe canji a tsaye da riƙe hauhawar farashi a ƙasa a lokaci guda.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen da suka shiga yuro lafiya daga baya, irin su Kuroshiya a 2023 da Bulgeriya a farkon 2026, sun yi shekaru masu yawa kuɗinsu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yuro kafin ranar shiga. Bulgeriya ta ɗaure kuɗinta tun 1997, da mak ɗin Jamus da farko sannan da yuro, shi ya sa farashin da ta shiga da shi, 1.95583, bai ba kowa mamaki ba.

Matsalar yankinmu da ta fi kowace girma kuma ba ta cikin jerin sharuɗɗan. Najeriya da man fetur take samun mafi yawan kuɗaɗenta na waje, yawancin maƙwabtanta kuwa sayen mai suke yi, suna sayar da koko da auduga da zinariya da yazawa. Idan farashin mai ya faɗi, kamar yadda ya faru daga ƙarshen 2014 da kuma a 2020, Najeriya tana buƙatar kuɗi mai sauƙin daraja da kuɗin ruwa mai sauƙi, alhali Senegal da Togo a daidai lokacin suna samun sassauci. Kuma da yake Najeriya ita kaɗai ta fi rabin al'ummar yankin, babban bankin haɗaka ko dai ya bi buƙatarta sauran su cutu, ko ya bi tasu ita ta cutu. Ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yamma, ciki har da Nijar, sun saba da kuɗin da aka ɗaure da yuro a kan 655.957 da lamunin baitulmalin Faransa, kuma wannan ya ba su ƙarancin hauhawar farashi da Najeriya ba ta samu ba a shekarun nan, ko da yake su ma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya sefa da rabi a dare ɗaya bayan ta daɗe tana kan darajar da ta fi ƙarfinta. Shin Eco za ta zama ɗaurarriya da yuro kamar sefa, ko za a sake ta kasuwa ta tsayar mata da farashi? Wannan saɓani ya fito fili a Disamban 2019, da Shugaba Ouattara na Kwaddibuwa da Shugaba Macron na Faransa suka sanar a Abijan cewa za a sauya sunan sefa zuwa Eco tare da barin ɗaurinta da yuro, wata ɗaya bayan haka kuma ministocin kuɗi na Najeriya da Gana da sauran ƙasashen da ba sa amfani da sefa suka zauna a Abuja suka ce wannan ba shi ne abin da aka amince da shi ba. Sannan ga abin da ya shafi kasuwarka kai-tsaye: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma har yanzu da sefa suke ciniki, don haka mai yiwuwa ne a fitar da Eco amma mai sarinka na Maraɗi ya ci gaba da zuwa da kuɗin da sai ka canza.

Ra'ayina shi ne kada a yi gaggawa domin cika alƙawarin wata rana da aka sa, kuma ina faɗar haka ne duk da ina son ganin ranar da ɗan kasuwar Kano zai sayar da kaya a Akara ba tare da ya bi ta dala ba. Haɗakar da aka shiga da lambobin da aka gyara domin jarrabawa, ba tare da asusun tallafa wa ƙasar da ta shiga matsi ba, kuma a yankin da ake iya rufe iyaka fiye da shekara guda kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, talaka ne zai biya kuɗinta da aikinsa. Yawancin sauƙin da kake nema ana iya samunsa tun kafin kuɗin bai-ɗaya, idan naira ta zauna wuri ɗaya, iyakoki suka kasance a buɗe, kuma tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka na PAPSS, wanda aka ƙaddamar a Akara a Janairun 2022 domin mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa mai sayarwa ya karɓa da nasa, ya isa hannun 'yan kasuwa ta bankunansu.

Idan kana son ka gane da kanka ko ranar ta kusa, kada ka dogara da sanarwar taron shugabanni. Ka duba ko hauhawar farashi a Najeriya da Gana ta sauko ƙasa da kashi 10 ta kuma zauna a can shekaru a jere, ko farashin dala a banki da na Wapa sun ci gaba da zama kusa da juna ba tare da an takura wa masu neman dala ba, ko naira da sefa sun yi shekara biyu ko uku ba su yi nisa da juna ba, da kuma ko gwamnati ta daina komawa babban banki idan kasafi ya gaza. Idan kuma an sanar da farashin juyawa, ka sani cewa zai hau kan komai a lokaci guda, da kuɗin da ke asusunka, da bashin da kake bin masu sari, da wanda masu kaya ke binka, don haka duk yarjejeniyar bashi mai tsawo da za ka ƙulla da abokan cinikinka na ƙetare a shekarun da ke tafe, ku rubuta a fili da wane kuɗi za a biya, da kuma farashin wace rana za a yi amfani da shi idan an sauya kuɗin kafin wa'adi ya cika.